Yadda muka koma ba be bi da 'yan aji huɗu bayan korona

Ranar da muka koma makaranta bayan kullen korona abin da na fara yi ba koyarwa bane, shara ce. Awakin unguwa sun mai da ajina ɗakin kwanansu, taga ɗaya ta ɓalle an ma rasa wa ya ɗauke ta, allon da muke shafa wa baƙin batir duk farkon zango ya koɗe yai fari fat, ga gara ta shiga kabad ta cinye rabin littattafan da na bari har da lesin not ɗina na shekara biyu. Na tsaya bakin ƙofa riƙe da tsintsiya ina ta salati. A lokacin na ɗauka iyakar ɓarnar kenan, ashe ban ga komai ba tukuna.

Ni malamar firamare ce ta gwamnati a wani gari da ke wajen Kano, in ka bar birni tafiyar bata fi minti arba'in ba a mota in ba cunkoso. Aji huɗu nake riƙe dashi a shekarar. An rufe mu ranar 23 ga Maris 2020, lokacin da gwamnonin arewa maso yamma suka ce a rufe makarantu na kwana talatin, kuma gaskiya ni murna ma nai, nace ga hutu ya faɗo daga sama. Kwana talatin ɗin nan shine ya zama kusan wata bakwai, don sai 12 ga Oktoba aka ce 'yan firamare su dawo. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare su an mai da su tun watan Agusta saboda WAEC da aka fara ranar 17 ga wata, amma ƙanana ba wanda yai ta tasu.

Kullen a birni ya ritsa dani, gidan Yayana. Naje ne da niyyar kwana uku kafin azumi sai aka rufe gari a tsakiyar Afrilu, kafin kace me shugaban ƙasa ya ƙara sati biyu a kai, lokacin nan ne da ake ta rashe-rashen manya a Kano kullum sai kaji an rasa wani dattijo, Allah ya jiƙansu. Sai da nai fiye da wata a gidan. To a nan idona ya fara buɗewa. Yaran Yaya biyu makarantar kuɗi suke, ba irin ta manyan masu kuɗi ba ma, matsakaiciya ce, amma sati biyu da rufewa an buɗe musu guruf a WhatsApp. Kullum da safe malamarsu zata turo bidiyo da aikin gida, su yi a littafi uwarsu ta ɗauki hoto ta mayar, da yamma a dawo musu da gyara. In an ɗauke wuta akwai sola. In data ta ƙare Yaya zai yi mita ya saka wata. Ni kaina aka mai dani malamar lesin, bini-bini kaji “Anti zo ki duba min wannan”. Wata rana ina zaune kan kafet ina koya wa ƙaramar rabawa, fanka na kaɗawa, sai kawai na tuna ina da yara tamanin da wani abu a rajista waɗanda ban san ko sun riƙe fensir ba tun ranar da muka rabu. Abincin buɗa baki ranar bai min daɗi ba.

Gwamnati ta sa darussa a rediyo da talabijin, kuma tsakani da Allah darussan ba laifi, na saurara da kunnena. Sai na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta lambobin iyaye, basu fi sha biyar ba, na shiga kira.

“Malam barka da shan ruwa, malamar su ce daga makaranta. Dan Allah a riƙa kunna wa yaron nan rediyo da safe, ana yin darasi.”

“To Malama madalla, Allah ya saka da alheri. Sai dai fa rediyon a wayata take, ni kuma ana sallame asuba nake ficewa.”

Kusan amsar kowa kenan. Wani yace batir ya yi tsada, wata tace yarinyar tana tallan awara daidai lokacin, wani kuma dariya yai yace Malama ana neman na tuwo wa yake ta boko. Ban ga laifinsa ba. Damina na faɗuwa maza suka bi iyayensu gona, islamiyya ita ma a rufe take, shikenan yaro ba allo ba littafi.

Da aka buɗe an raba mana kwanaki saboda wai kar a cunkushe, ƙananan azuzuwa da ranakunsu mu da namu. Aka kawo bokiti mai famfo ɗaya da sabulu aka ajiye bakin ofis, aka ce kowa ya sa takunkumi kuma a ba da tazara. Tazara a ajin da yara ke zama a ƙasa gwiwa na gogar gwiwa! Amma satin farko tazarar ta samu da kanta, don ko rabin ajin bai zo ba. Lokacin kaka ne ana ta aikin gona, wasu an kai su gareji da wajen kafinta sun fara samun na kashewa, 'yan mata kuma uwayen sun saba da kuɗin talla na safe. Ni da wani malami da shugaban kwamitin makaranta muka je wajen mai unguwa, nace ranka ya daɗe yaranmu fa basu dawo ba, ya haɗa mu da ɗan aikensa muka bi gida-gida bayan la'asar, maza na tsayawa a zaure ni ina shiga ciki. Liman ma yai magana bayan sallar Juma'a. A hankali suka riƙa dawowa, amma akwai waɗanda har yau sunansu ne kawai ya rage min. Wata babbar yarinya a ajin, dama ta fi sauran shekaru don bata shiga da wuri ba, da na shiga gidansu kakarta tace min ai Malama an sa rana, tunda biki ya yi araha ba taro gara a yi a huta. Nai shiru, na sha ruwan da aka bani na fito.

Umarnin da aka bamu shine a ɗora daga inda manhaja ta tsaya kuma a gaggauta don a cike giɓi. Nima na bi. Na rubuta labarin turanci a allo na karanta suna amsawa, murya ɗaya kamar kullum, har ajin kusa na jin mu, nace alhamdulillahi ashe basu manta ba. Sai ranar nan tsautsayi ko kuma rabo ya sa nace wani yaro da ke zama gaba, wanda da shi nake alfahari in baƙi sun zo, ya tashi ya karanta shi kaɗai. Ya tashi ya fara tiryan-tiryan. Sai na lura idonsa ba a allon yake ba, sama yake kallo. Na sa yatsa a kan wata kalma a layi na uku nace wannan fa? Shiru. Na koma ta farko, ya faɗa. Na tsallake zuwa tsakiya, shiru. Hadda ce yai. Na goge turancin na rubuta da Hausa, Kaka ta dafa wake, nace karanta. Ya daɗe yana kallo sannan yace ka, ka, ya tsaya. Na tashi na biyu na uku har na goma, biyu ne kawai suka kai ƙarshen jimlar.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma abin da ya hana ni barcin ba korona bace. Tambayar kaina nake, shin mantawa sukai ko dama basu taɓa iyawa ba? Wata bakwai zai iya sa yaro ya yi tsatsa, wannan gaskiya ne, na gani a waɗanda da suke karatu da gudu yanzu suna in-ina. Amma yaron da bai san bambancin b da d ba a aji huɗu ba korona ce ta ɗauke masa ba. Mu ne muka yi ta turo shi daga aji zuwa aji yana fakewa cikin amshi, mai ƙarfin murya ya ja saura su bi. Daga baya naji rahoton Bankin Duniya na 2022 yana cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu yaran shekara goma da basa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane sun tashi daga kashi 57 zuwa kusan 70 cikin ɗari bayan annobar. Kowa sai maganar 70 yake, ni kuma 57 ɗin ce ta tsaya min a rai, don tana nan tun kafin a san wata aba wai ita korona, kuma ajina na ciki.

Wata ƙawata da muka yi NCE tare tana koyarwa a Wudil, ita na kira ina ba ta labari kamar zan yi kuka. Sai tace ke dai baki da labari, ai mu an horar damu kan wannan tun 2019. Ashe akwai wani shiri da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa mai suna KaLMA na 'yan aji huɗu zuwa shida, tsarin asalinsa daga Indiya yake, wata ƙungiya Pratham ce ta ƙirƙiro shi, kuma an gwada irinsa a Borno. Ma'anarsa dai a koyar da yaro daga inda iliminsa yake, ba daga inda sunan ajinsa yace yake ba. Garinmu baya cikin shirin, don haka ba horo ba kayan aiki ba alawus, amma ta ɗauki hoton takardar gwajin ta turo min, ta bi ni da dogon sakon murya wajen guda bakwai tana min bayani. Allah ya biya ta. Abin da mukai ba zan ce shine ainihin shirin ba, kwaikwayo ne mukai daidai ƙarfinmu.

Ga yadda gwajin yake. Takarda ɗaya ce an raba ta gida-gida, gidan haruffa, gidan gaɓoɓi da kalmomi, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari, duk da Hausa. Ɗaya bayan ɗaya ake yi ba a taro ba. Na kwafe ta a bayan kwalin taliya da maka, na sa benci ƙarƙashin darbejiya nesa da taga don kar a leƙo a raɗa wa yaro amsa. Ƙawata ta ja kunnena kan abu biyu, kar na kira shi jarabawa kuma kar na riƙe bulala ko da wasa. Sai na fara da hira, me kaci da safe, wa ya yi miki kitson nan, sannan na miƙa kwalin nace taya ni karanta wannan. Daga sakin layi ake farawa, in ya wuce lafiya a hau dashi labari, in ya kasa a sauko kalma, in ya kasa a sauko harafi, in harafin ma ya gagara to ɗan fari ne. Inda ya tsaya nan za a sa masa alama. Lissafi ma haka, gane lamba ɗaya, lamba biyu, sai ɗebewa mai aro da rabawa. Kowane yaro minti biyar zuwa bakwai, kwana huɗu na ɗauka, muryata har dashewa tai.

Abin da ban manta ba a kwanakin nan shine yadda suke kallon fuskata ba kwalin ba, suna neman amsa a idona. Wata da na nuna mata harafin m sai tace “Malama in ce me?” Wani kuma ƙato dashi, ya fara gemun ƙuruciya ma, hannunsa rawa yake yana share zufa da hula. Da na gama na zauna na ƙirga, waɗanda suka karanta labarin basu cika goma ba, fiye da rabin aji kuwa suna tsakanin harafi da babu.

Na kai wa hedimasta takardar. Dattijo ne saura kaɗan yai ritaya, ya sa tabarau ya duba ya cire ya sake sawa.

“Malama kin tabbata ba tsorata su kikai ba?”

“Ranka ya daɗe ka zaɓi duk wanda kake so ka gwada da kanka.”

Ya aika aka kira masa jikan ƙaninsa da ke aji biyar. Yaron ya tsaya a kalma. Malam bai ce komai ba sai da aka daɗe sannan yace to yanzu me kike so a yi. Nace a bani awa ɗaya da rabi na farkon kowace rana, mu haɗe aji huɗu da biyar mu raba su bisa inda kowa ya tsaya, bayan tara da rabi kowa ya koma ajinsa a ci gaba da manhaja. 'Yan aji shida an ce kar a taɓa su suna shirin jarabawar shiga sakandare, duk da nasan su ma kanwar ja ce. Malamin aji biyar da farko ƙi yai, yace ƙarin aiki ne ba ƙarin albashi, kuma da gaskiyarsa. Sai da ya gwada nasa yaran da hannunsa sannan ya sauko, daga baya ma ya fi ni zaƙewa. Muka jawo malamin Arabiyya da wata 'yar sa kai, muka zama huɗu, rukuni huɗu.

Ni na ɗauki 'yan fari da 'yan harafi don ba mai so. Ranar farko rigima ce, manyan samarin aji biyar suka ƙi zama tabarma ɗaya da ƙanana, ana ta tsokanarsu wai 'yan rabin aji. Sai muka daina kiran rukunin da matakinsu muka sa musu sunayen tsuntsaye, shaho, hazbiya, tsattsewa da zalɓe, kuma da gangan na ba nawa shaho. Ƙaton nan mai rawar hannu na naɗa shi monita mai raba kati. Washegari kuma ga wani uba a bakin ofis ransa a ɓace, wai yaji an mai da ɗansa aji ɗaya ana koya masa ba be bi, kuma da Hausa, shi turanci ya kawo shi ya koya in Hausa ce ai a gida ma ana yi. Na gaishe shi nace Alhaji dan Allah zauna minti biyu. Na kira yaron na bashi jimlar Kaka ta dafa wake. Uban da kansa ya sunkuyar da kai. Nace masa wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki dashi, turanci ba zai bashi wuya ba, amma in aka fara masa da harshen da bai ji ba ga haruffan da bai sani ba, kaya biyu aka ɗora masa a ka. Yace to Malama a yi abin da ya dace, amma in ya ƙi ji a zane shi. Nace ba za a kai ga haka ba.

Kayan aikinmu duk na bola ne. Kwalaye daga mai shago, na yanka su ƙanana na rubuta harafi a kowanne, wasu kuma gaɓa, ba, ka, ta, ma, ri, su. Kullum da labari muke farawa, in karanta musu a hankali ina bin kalmomin da yatsa, mu yi hirarsa, sannan a zube kati a tabarma kowa ya haɗa kalmar da zai iya. Ranar da wani ɗan fari ya ɗauki ka ya ɗauki za ya jera su ya kalle su ya kalle ni yace “Malama kaza ce!” ihun da yai sai da malamin Arabiyya ya leƙo. Daga nan ya kama jera duk abin da ya samu, har da na banza, yana tambaya wannan kalma ce? Ƙasa ma allo ce, kowa da tsinkensa yana rubutu a rairayi tunda littafi ba kowa ke dashi ba. Masu ƙugiya su suka fi bamu wuya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ts da sh, sai na riƙa haɗa su biyu-biyu, bari da ɓari, kafa da ƙafa, dariyar da suke in an kuskure ita ke sa su riƙe.

A lissafi kuma nan na sha mamaki. Yarinyar nan mai awara in kace mata an sayi ta saba'in an ba da ɗari biyu kafin ka rufe baki ta faɗi canji, amma da nace ta rubuta ɗari da biyar sai ta rubuta 100 ta liƙa 5 a gaba, ya zama 1005. Lissafin na kanta, rubutunsa ne ba a taɓa nuna mata yadda yake ba. Da tsinken tsintsiya muka warware shi, goma-goma a ɗaure da kyauro ko roba, ɗauri gida ɗaya tsinke gida ɗaya, in za a ɗebe bakwai daga uku sai a kwance ɗauri guda. Aron nan da na shekara ina cewa a ari ɗaya a maƙwabci suna kallona, sai da suka kwance ɗauri da hannunsu sannan ya zauna.

Ana cikin haka wani mai duba makarantu ya zo ba sanarwa, ya tarar da 'yan aji biyar a tabarma suna wasa da kwali. Ya karɓi lesin not ɗina ya ga bai dace da satin da manhaja ta nuna ba, ya rubuta abin da zai rubuta da jan biro, yace min wa ya baki izinin canza jadawali. Na buɗe baki kenan hedimasta yace ni ne. Na nuna masa takardar gwajin, ya duba sama-sama yace shi abin da aka aiko shi dubawa daban. Ban ji haushinsa sosai ba, fom ɗin da ke hannunsa ba gurbin tambayar ko yaro ya iya karatu, gurbin ko malami ya kai sati na shida ne kawai a ciki. Tun daga ranar na koma rubuta not biyu, na nunawa da na aiki.

Mun fara ganin haske kenan sai ga abin da ya faru a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku a makarantar kwana, ga kuma maganar korona ta dawo zagaye na biyu, aka sake sallamar yara, sai 18 ga Janairu 2021 muka dawo. Wannan karon ban bari sun tafi hannu rabbana ba, kowa na ƙulla masa kati goma a leda nace ya koya wa ƙaninsa. Wasu sun dawo dasu, wasu an hura wuta dasu. A Fabrairu kuma aka yi na Kagara da Jangebe, iyaye mata suka sake tsorata duk da mu ba makarantar kwana bace, sai da muka sake zagayen gida-gida.

Da muka sake gwaji wajen ƙarshen zangon, rukunin shaho ya ragu sosai, yawancinsu sun haura kalma, wasu har sakin layi, kuma duk wanda ya haura a ranar muke mai dashi rukuni na gaba ana tafa masa. Amma kar na yi muku ƙarya, akwai wajen goma da ko motsi basu yi ba, kuma da na duba rajista sune masu zuwa yau su yi fashin kwana uku. Akwai ɗaya da nake zargin baya ji sosai, na faɗa wa uwarsa tace za a kai shi asibiti in an samu hali. Ƙarshen shekara kuma aka ce kowa ya wuce aji na gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba, don ba wurin da za a ajiye masu maimaitawa ga sabbin ɗauka sun cika aji ɗaya maƙil tunda an ce ilimi kyauta ne kuma dole tun 2019. Da hutu naje gidan Yaya na tarar ƙaramar nan da na koya wa rabawa tana karanta littafin labari na turanci ita kaɗai a kujera, sa'ar 'yan ajina ce, wata ɗaya aka haife su da mai awara. Na sa mata albarka, a raina kuma ina lissafin wata nawa nawa zasu yi kafin su kai inda take tun kafin kulle.

Har yanzu duk farkon zango sai na fitar da bencin nan ƙarƙashin darbejiya, kwalin taliyar ya mutu na sake wani har sau uku. Mai awara kuwa ta gama firamare tana ƙaramar sakandare. Kwanaki na haɗu da uwarta a wajen awo, muka gaisa tace Malama ai ke kika ja min. Gabana ya faɗi nace me ya faru? Tace da in babansu ya turo saƙo daga Legas sai ta kai wa ɗan maƙwabta ya karanta mata, yanzu yarinyar ke karantawa har ta rubuta amsa, to amma fa ba saƙon da ke shigowa wayar nan bata buɗe ba, ko kuɗi aka turo kafin ita taji labari yarinya ta riga ta san ko nawa ne, ta zo ta tsaya mata a ka wai takalminta na makaranta ya tsinke.